Tsoho da waƙoƙin aro: faifan masu sharhi suka ji, ko sunan Dylan?

Garmaho:
Salamu alaikum jama'a. Kwana uku ke nan ina juya faifan nan na mawaƙin Amurka Bob Dylan, Shadows in the Night, wanda ya fito a watan Fabrairun 2015, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ga wanda bai san shi ba, waƙoƙi 10 ne, babu ko ɗaya da Dylan ya rubuta. Duk tsofaffin waƙoƙi ne, yawancinsu na soyayya, waɗanda shahararren mawaƙin Amurka Frank Sinatra ya taɓa rerawa. Mutumin yana da shekara 73 lokacin, muryar kuwa kun san yadda ta koma.

To ga abin mamaki. Jaridun Guardian da Telegraph na Birtaniya kowacce ta ba shi tauraro biyar cif. A shafin Metacritic, mai tara makin masu sharhi ya fitar da matsakaici, ya samu 82 cikin 100. Ya hau na ɗaya a jerin faya-fayan da aka fi saye a Birtaniya. Ni dai ina son faifan, ba zan ɓoye ba. Amma tambayata ita ce, da wani tsoho ne da ba a san shi ba ya kawo wannan muryar da waɗannan waƙoƙin, zai samu ko tauraro biyu?

Ɗan Jita:
Wa alaikumus salam Baba Garmaho. Ba zai samu ko ɗaya ba, domin babu ma wanda zai saurara. Albarkacin kaza ne kawai ƙadangare ke shan ruwan kasko. Mutum ya shekara hamsin ana yi masa kirari da cewa shi ne gwanin rubuta waƙa, sai ya ajiye alƙalamin, abin da ya fi kowa iyawa, ya ɗauko rera waƙa, abin da ya fi kowa rashin iyawa. Kuma wai waƙoƙin Sinatra! Zanen aro ba ya rufe katara.

Uwar Biyu:
Ƙanena, ka saurari faifan kuwa, ko labarinsa ka ji?

Ɗan Jita:
Na saurari uku daga ciki Yaya. Barci ya ɗauke ni a ta huɗu.

Uwar Biyu:
To ka ga ni. Minti 35 ne fa duka faifan, ko shi ba ka iya jurewa ba, kuma har ka yanke hukunci. Ka sa abin sauraro a kunne da daddare, bayan gida ya yi tsit. Za ka ji yana jan numfashi kafin ya kama baiti, za ka ji inda muryar ta so ta tsinke ya lallaɓa ta ta kai ƙarshen layin. Ba gurnanin nan ne da ya yi a faifansa na 2012 ba. A nan lallashin kalmomin yake yi. Akwai waƙar nan ta Irving Berlin, ta mutumin da ke tambayar yadda zai yi in masoyiyarsa ta yi nisa ba abin da ya rage masa sai hoto. In saurayi mai santsin murya ya rera ta, ka san gobe zai samu wata. In ɗan shekara 73 ya rera ta da wannan shaƙaƙƙiyar muryar, sai ka ji kamar ba tafiya ta yi ba, binne ta aka yi. Kalmomin ba su canza ba ko ɗaya, amma ma'anar ta canza. Abin da masu sharhin suka ji ke nan.

Malam Alƙalami:
Bari in ɗan gyara wani abu kafin a yi nisa. Ana ta cewa "waƙoƙin Sinatra", alhali Sinatra ɗin ma aro ya yi. Ba marubucin waƙa ba ne, sai 'yan ƙalilan da aka sa sunansa cikin marubutansu. A zamaninsa aikin a rabe yake: wasu su zauna su rubuta, irin su Irving Berlin da Rodgers da Hammerstein, wasu su rera. Waƙa ɗaya sai mawaƙa goma su ɗauka cikin 'yan shekaru, ba wanda zai ce an yi sata ko an kasa. Ɗaya daga cikin waƙoƙin wannan faifan ma, Autumn Leaves, asalinta daga Faransa take, Joseph Kosma ya yi karin, Jacques Prévert ya rubuta baitocin, daga baya Johnny Mercer ya yi mata na Turanci.

Wannan ra'ayin na cewa mawaƙin gaske shi ne mai rubuta abinsa da kansa, a shekarun 1960 ya kafu, kuma Dylan da ƙungiyar mawaƙan Beatles ne kan gaba wajen kafa shi. Wato mutumin da ya taimaka aka rushe gidan ne ya dawo da tsufansa yana tsintar tubalan. Rabin daɗin da masu sharhi suka ji daga nan yake. Labari ne mai daɗin rubutawa, kuma mai sharhi yana son abin da zai rubuta.

Garmaho:
Malam, ka ga ka taɓo inda nake nufi. Labarin suke ba maki ke nan, ba sautin ba.

Malam Alƙalami:
Wani ɓangare, i. Amma ba duka suka bi yarima suka sha kiɗa ba. Mujallar Pitchfork 6.2 cikin 10 ta ba shi. Kuma kada mu manta ba a ko da yaushe suke yi masa kara ba. A 1970 ya fitar da Self Portrait, faifai biyu a haɗe, cike da waƙoƙin wasu, aka yi masa ca. Greil Marcus na mujallar Rolling Stone ya buɗe sharhinsa da tambayar da ba zan iya maimaitawa a gaban manya ba. Lokacin sunan Dylan ya kai inda ya kai, bai hana a yi masa tsirara a kasuwa ba. Don haka suna kaɗai ba ya sayen tauraro biyar.

Ɗan Jita:
Malam ka ƙarasa labarin mana. A 2013 da aka fitar da ragowar abin da aka ɗauka a wancan lokacin, wane ne ya rubuta bayanin da ke cikin kwalin? Ba Greil Marcus ɗin ba ne? Ka ga abin da nake faɗa. Yana ɗan shekara 29 sun iya zaginsa. Da ya yi furfura sai kowa ya koma lallaɓawa, har wanda ya zage shi ya dawo yana gyara zance. Kunyar tsufa ce kawai, da kuma tsoron kada mutum ya rasu gobe a tono sharhinka a ce kai ne ka ci mutuncin aikinsa na ƙarshe.

Malam Alƙalami:
Wannan kam ka kama ni, gaskiya ne shi ya rubuta. Sai dai abin da aka fitar a 2013 yawancinsa ba a lafta masa kayan kiɗan da aka lafta wa na 1970 ba. Mutum yana iya ƙin tuwo saboda miya.

Bakan Gizo:
Ku yi haƙuri in shigo da mawaƙin Birtaniya Rod Stewart, don in babu shi wannan muhawarar ba ta cika ba. Tsakanin 2002 da 2010 ya yi faifai biyar na irin waɗannan tsofaffin waƙoƙin. Shi ma muryarsa a dushe take tun yana saurayi, shi ma ya manyanta, har tiyata aka yi masa a wuya a 2000 saboda ciwon daji, sai da ya sake koyon rera waƙa. Faya-fayan sun sayu miliyoyi, na ukun ya hau na ɗaya a Amurka, kuma shi ya kawo masa lambar Grammy ta farko a rayuwarsa a 2005. Amma masu sharhi? Yatsina fuska suka yi ta yi. To me ya raba? Rumbu ɗaya suka ɗebo, dukkansu tsofaffi, dukkansu masu dusasshiyar murya. Ɗaya an ce ya yi zurfi, ɗaya an ce neman kuɗi yake. In wannan ba son kai ba ne, a gaya mini sunansa.

Uwar Biyu:
Yayana, sa su gefe da gefe ka saurara, za ka ji abin da ya raba. Rod yana rera kowace waƙa da murmushi iri ɗaya, ta rabuwa da ta haɗuwa duk ɗaya, kamar mai gaisawa da baƙi a bakin ƙofa. An shimfiɗa masa goge da fiyano masu laushi ya kwanta a kai. Ba laifi ba ne, mahaifiyata tana son su ƙwarai, kuma ni ma ina sawa in ina guga. Amma in waƙar ta ƙare ba abin da na sani game da ita wanda ban sani ba da.

Bakan Gizo:
To ai mahaifiyar taki ma kunne gare ta. Me ya sa kunnen mai sharhi ya fi nata?

Uwar Biyu:
Bai fi ba. Abin da suke nema ne daban. Ita tana son ta tuna, shi yana son a ba shi mamaki. Mutumin da ake aiko wa faifai talatin a mako, duk abin da ya yi kama da na jiya gundurarsa yake.

Mai Sauti:
Ni aikina ɗaukar sauti ne, don haka bari in faɗi abin da ya shafi ɓangarena, sauran na bar muku. Yadda aka ɗauki faifan Dylan shi ne rabin abin. A situdiyon Capitol da ke Los Angeles aka yi shi, ginin da Sinatra ya yi manyan ayyukansa na ƙarshen shekarun 1950. Al Schmitt ne ya riƙe na'ura, tsohon hannu wanda shi ma ya taɓa aiki da Sinatra. Waƙoƙin da aka saba ji da makaɗa talatin ko fiye, sai aka matse su suka koma na mutum biyar: jita biyu, babban bas, ɗan kiɗan ganga mai taushi kamar ana shara, da jitar nan ta kwance da ake goga wa ƙarfe, a hannun Donnie Herron. Babu fiyano, babu tarin goge, sai 'yan ƙahoni can baya a wasu waƙoƙin. Kowa a ɗaki ɗaya, a rera a kaɗa lokaci guda, ba wanda ya sa abin sauraro a kunne.

Ku san me wannan ke nufi? In kowa na ɗaki ɗaya, sautin jita yana shiga makirufon mawaƙi, muryar mawaƙi tana shiga ta makaɗa. Ba ka da halin ciro murya ita kaɗai ka miƙar da ita da kwamfuta, domin tsohuwar karkatacciyar tana nan a sauran makirufon, za ta tona maka asiri. Ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Na taɓa aiki da wani dattijon mawaƙi da ya ce shi ma haka yake so a yi masa. Da muka juya masa abin da ya rera, ya yi shiru, ya ce in sake juyawa, sannan ya ce a kashe. Washegari ya dawo muka yi layi-layi, na ɗinke masa. Ban ga laifinsa ba. Ba kowa ke iya tsayawa ya ji muryarsa yadda shekaru suka bar ta ba.

Jitar kwancen nan kuwa ita ke yin aikin da goge ashirin suke yi wa Sinatra. Tana zamewa daga wannan amo zuwa wancan ba tare da ta tsaya ba, sai ta riƙe muryar inda ta so ta faɗi.

Ɗan Jita:
Wannan na yarda da shi, makaɗan sun yi aiki. Herron ɗin nan ba dama. Ni da za a cire muryar a bar mini kiɗan da na saya.

Garmaho:
Kai yaro, Allah ya shirye ka.

Ƙaramin Alhaji:
Ni duk wannan bayanin bai dame ni ba. Kowane tsohon mawaƙi in rijiyarsa ta ƙafe sai ya koma waƙoƙin wasu. Paul McCartney ya yi a 2012, Bruce Springsteen ya yi a 2022, Dolly Parton ta yi a 2023. Kasuwa ce. Masu saye sun tsufa tare da su, suna da kuɗi, kuma har yanzu suna sayen faifai a hannu. Kun san da wa Dylan ya yi hira kan wannan faifan? Da mujallar AARP, ta ƙungiyar masu shekara 50 zuwa sama a Amurka, har aka raba wa masu karatunta kwafi 50,000 kyauta. Mai kaya ya san inda kasuwarsa take.

Malam Alƙalami:
Alhaji, batun hirar gaskiya ne, amma lissafin kuɗin bai tafi yadda kake zato ba. A dokar Amurka, tun 1909, da zarar an fitar da waƙa a faifai, kowa na iya sake rera ta ya sayar ba sai mai ita ya yarda ba, muddin zai biya kuɗin da hukuma ta ƙayyade kuma bai sauya ainihin waƙar ba. Kuɗin nan aljihun marubuci da kamfanin da ke riƙe da haƙƙinsa yake shiga. Don haka mawaƙin da ke rubuta nasa, in ya rera nasa yana ci ta baki biyu, in ya rera na wani baki ɗaya ya rage masa. Ga wanda ba ya rubutu, ko wanda sabbin waƙoƙinsa sun daina sayuwa, aro riba ne. Ga Dylan, wanda kamfanin Universal ya sayi haƙƙin waƙoƙinsa a ƙarshen 2020 kan kuɗin da jaridu suka ce ya haura dala miliyan 300, ban ga abin da zai tsinta a nan ba.

Batun ƙafewar rijiya kuma, a 2020 ya fitar da Rough and Rowdy Ways, sabbin waƙoƙinsa na farko tun 2012, ciki har da mai tsawon kusan minti 17. Kuma duk wanda ya saurara zai ji yadda yake ajiye kalma a hankali, yadda makaɗan ke tafiya a ƙasa-ƙasa. Wannan a makarantar tsofaffin waƙoƙin nan ya koyo shi.

Bakan Gizo:
Makarantar ta yi tsawo dai. Na farkon mun ce to. Sai ga na biyu a 2016 da waƙoƙi 12. Sai ga Triplicate a 2017, faifai uku, waƙoƙi 30. Jimilla 52! A tsakani har an ba shi kyautar Nobel ta adabi saboda rubutunsa, shi kuwa yana can yana rera rubutun wasu. Ko zuma ce in ta yi yawa tana hawa kai.

Uwar Biyu:
A nan ba zan yi musu da kai ba. Triplicate ban taɓa kai ƙarshensa a zama ɗaya ba.

Hajiya Babba:
Ina ta karanta ku tun ɗazu, 'ya'yana. Ba wanda ya ambaci Johnny Cash, mawaƙin karkarar Amurka, kuma ina ganin duk wannan yabon da ake yi wa tsofaffi masu aro daga kansa ya samo asali. Mai shirya faifai Rick Rubin ya ɗauko shi a 1994 lokacin da kamfanoni suka gama yayinsa, ya zaunar da shi da jita kawai. A 2002 ya rera Hurt, waƙar wani matashi ce, Trent Reznor, kan shaye-shaye da cutar da kai. A bakin Cash, yana fama da ciwo, hannu na rawa a bidiyon, sai ta koma waƙar mutumin da ke duban abin da ya tara a duniya yana ganin ba komai ba ne. Mai waƙar da kansa ya ce ta tashi daga tasa. Matar Cash ta rasu a Mayun 2003, shi ya bi ta a Satumba.

Tun daga nan masu sharhi suka samu ma'auni. Duk tsohon da ya kawo faifan aro, abin da suke saurare su ji shi ne ko akwai inuwar kabari a muryar. In akwai, tauraro biyar. In tsohon yana cikin nishaɗinsa ne kawai, yana rera abin da yake so tun yana yaro, sai a ce bai kawo sabon abu ba. Ni wannan ne ke ba ni haushi, ni da na kusa saba'in. Wato ba a yarda mu yi farin ciki a faifai ba, sai dai mu yi ban kwana. Springsteen ya rera waƙoƙin da yake ƙauna da ƙarfinsa da murnarsa, da yawa suka ce kwaikwayo ne kawai ya yi. Da ya rera su a kwance yana nishi, da sun tafa.

Garmaho:
Hajiya, wallahi kin faɗi abin da na kasa fitarwa. Ba sunan kaɗai ba ne ashe, har da irin tsufan da suke so su gani.

Malam Alƙalami:
Akwai gaskiya a ciki Hajiya, ranki ya daɗe, amma ga Willie Nelson, shi ma mawaƙin karkarar Amurka. Faifansa na aro Stardust na 1978 babu wata inuwar kabari a cikinsa, yana ɗan shekara 44 ya yi shi, kamfaninsa ma bai so ba don suna ganin zai kori masu sauraronsa. Ya shekara 10 a jerin faya-fayan kiɗan karkarar Amurka da aka fi saye, kuma har yau masu sharhi na girmama shi. Abin da ya yi shi ne ya ja waƙoƙin zuwa nasa salon, yana jinkirta kalma ta zo bayan kiɗa kamar mai hira. Haka Angélique Kidjo, mawaƙiyar Benin, a 2018, ta ɗauki faifan ƙungiyar Talking Heads ta Amurka na 1980 sukutum ta mayar da shi Afirka inda kiɗansa ya samo tushe, cike da rawa, aka yaba. Ina ganin abin da ba sa yafewa shi ne ka mayar da kayan aro yadda ka karɓe shi.

Hajiya Babba:
Nelson ɗan 44 ai ba tsoho ba ne Malam, ko kusa da shekaruna na yanzu bai kai ba a lokacin. Kawo mini ɗan 75 da ya yi faifan aro na annashuwa aka ba shi tauraro biyar, sai in janye.

Malam Alƙalami:
Tom Jones ya hau na ɗaya a Birtaniya a 2021 yana da shekara 80, da faifan aro, har da waƙar Dylan a ciki, kuma an yaba masa.

Hajiya Babba:
Na saurare shi. Rabinsa zancen tsufa ne da ƙarewar lokaci, bayan rasuwar matarsa. Ka ƙara mini hujja ne.

Malam Alƙalami:
To, na ba ki wannan.

Ɗan Jita:
Yaya Uwar Biyu, na koma na sa ta ƙarshen, That Lucky Old Sun, da abin sauraro kamar yadda kika ce. Akwai inda ya ɗaga murya kusa da ƙarshe, na ɗauka ba zai kai ba, har na riƙe numfashi. Ya kai da ƙyar. Ban ce na sauya ra'ayi ba fa, tauraro uku zan ba shi, ɗaya da rabi na Herron ne.

Uwar Biyu:
Saura shida da ka tsallake.

Mai Sauti:
In za ka koma, fara da ta farko, ka ƙara sauti a daƙiƙun da suka gabaci shigowar murya. Ana jin ɗakin kansa.